Wa Zai Gina wa Mushe Ɗaki? Tarihin Gida da Hukuma a Damargu



Ranar da na fara isa ƙauyen da aka tura ni koyarwa, can cikin ƙasar Tarka yamma da Tanut, motar kasuwa ce ta sauke ni bayan la'asar, da katifa a naɗe da akwatin ƙarfe da buhun littattafai. Yau shekara ashirin da ƴan kai ke nan. Ban daɗe da fitowa daga makarantar horon malamai ba, kaina cike da dabarun koyar da karatu da lissafi. Takardar da ke aljihuna ta faɗi sunan ƙauyen, ta faɗi ranar kama aiki, amma ba ta ce komai ba game da inda zan sa haƙarƙarina. Maigari ya karɓe ni a zaurensa, aka kawo fura na sha. Sai ya dubi kayana ya ce, "Mushe, sannu da hanya. Su waɗanda suka aiko ka, sun haɗo ka da ɗaki?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Wata uku na yi ina kwana cikin aji. Da dare in ture tebura in shimfiɗa katifa, da asuba in naɗe ta in ɓoye bayan allo kafin yara su iso.

Bara wata yarinya da na koyar tun tana ajin farko ta gama nata horon, aka tura ta wani ƙauye arewa da Gangara. Sati biyu da zuwanta ta kira ni a waya, ta ce, "Baba, a ɗakin uwargidan maigari nake kwana, mu biyar da jikokinta. Ba ni da inda zan ajiye littafi, balle in zauna in gyara aikin yara." Kafin shekara ta ƙare ta fara neman a mayar da ita gari. Ban ga laifinta ba. Abin da ya dame ni shi ne, tambayar da maigari ya yi mini cikin raha har yau ba wanda ya amsa ta. Tsakanin zuwana da zuwanta an kafa ƙananan hukumomi, an zaɓi magadan gari ba sau ɗaya ba, an ɗaga Belbeji ta zama gunduma, an sa hannu a kan dokoki barkatai. Ɗakin malami kuwa ba a ga ko tubalinsa ba.

Wannan ya sa na koma baya ina bin sawun abin. Duk wanda ya taɓa gini a Damargu ya san ɗaki yana buƙatar abu huɗu: fili, da ruwa, da hannun da zai kwaɓa ƙasa, da abin rufi. A da can waɗannan huɗun a wuri ɗaya suke. Tarihin da zan ba ku, tarihi ne na yadda aka rarraba su hannu daban-daban, ba tare da an ɗora wa kowa aikin sake haɗa su ba.

Kafin a kafa bariki

Damargu ƙasar gero ce a bakin hamada. Ayarin da ke tasowa daga Kano ya bi ta Damagaram zuwa Agadas har Tarabulus, a nan yake yada zango ya yi guzuri. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasashenmu suka sani da suna Abdulkarim, ya sauka a Tagelel a watan Janairun 1851. A nan ne tawagarsu ta fara rabuwa, Richardson ya nufi Damagaram, shi kuma ya bi ta Tasawa zuwa Katsina da Kano. Bayan watannin da ya yi cikin duwatsun Abzin, abin da ya ɗauki hankalinsa a ƙasarmu shi ne gonaki da rumbunan hatsi a tsakanin bukkoki. Masanin tarihi Stephen Baier, a littafinsa na 1980 kan tattalin arzikin tsakiyar Nijar, ya nuna yadda hatsin Damargu ke ciyar da Abzin, da yadda manoma, Dagira da Hausawa, ke zaune ƙarƙashin kariyar manyan Abzinawa suna biyan su da dammunan gero.

Ba zan ce zamanin daɗi ba ne. Akwai hari, akwai bauta, akwai yunwar da ke tashin gari ɗungurungum. Amma ta fuskar muhalli, al'amarin a fili yake. Saurayin da zai yi aure ya je wurin maigari a nuna masa inda zai kafa. Kara yana gona bayan girbi, shibci yana daji. A kira gayya, maza su ɗaura tanka su ɗaga jinka, mata su kawo ruwa da fura, kafin rana ta faɗi ɗaki ya tsaya. Makiyayi kuma tantinsa yana bisa raƙumi ko jaki, inda ciyawa ta kira shi nan ne gida.

Akwai wani abu a nan da ya shafe mu malamai kai tsaye. Idan gari ya so malamin allo, garin ne ke gayyato shi, kuma garin ne ke saukar da shi. A ba shi ɗaki, a yanka masa gona, a tuna da shi ranar fidda zakka. Ba a taɓa zama ana muhawara kan wa zai gina wa malam ɗaki, domin wanda ya kira baƙo shi ke shimfiɗa masa tabarma. Mushe kuwa ba gari ne ya kira shi ba, turo shi aka yi daga sama. Tun daga nan matsalar ta samo tushe.

Zamanin kumandan

A ƙarshen 1899 ayarin sojan Faransa na Foureau da Lamy ya ratso Damargu daga arewa zuwa Damagaram. Ba a jima ba Faransawa suka kafa barikinsu a Jajiduna, daga baya suka mayar da shi Tanut. Da bariki ne wani sabon irin gini ya shigo ƙasar: gidan kumandan, da ofis, da gidan kaso, da masaukin baƙi a kan hanya, daga baya ɗakin magani da lakwal. Waɗannan gine-ginen ba gayya ce ta yi su ba. Kumandan ya faɗa wa sarki adadin mutanen da yake so, sarki ya raba wa masu gari, masu gari su fiddo talakawa. Su haƙo ƙasa, su ɗauko ruwa daga nesa, su sari azara, ba a biyan su ko anini. Wannan aikin tilas bai kau ba a doka sai da majalisar Faransa ta amince da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny a watan Afrilun 1946.

Abin lura shi ne, a hannun kumandan abubuwan nan huɗu sun sake haɗuwa, amma da bulala. Fili nasa ne in ya nuna da yatsa, lanho shi ke karɓa, hannu kuma ya tilasta. Shi ya sa ma'aikacin wancan zamani, ɗan ƙalilan da yake, galibi yakan tarar da ɗaki yana jiransa. Da yawa daga tsoffin makarantun ƙasar nan za ka ga gidan darekta a gefe, an gina su tare. Ma'aikaci ya gaji tunanin cewa gwamnati ce ke ba da gida. Talaka kuma ya gaji wani tunani daban, cewa ginin gwamnati wahala ce da ake ɗora masa, in ya sami hanya ya zille. Waɗannan gādo biyu har yau muna fama da su duk lokacin da aka zauna taron iyayen yara.

Daga ƴancin kai zuwa samariya

Bayan 1960 sabuwar gwamnati ta yi tunanin gidaje, amma idonta na kan Yamai, inda ma'aikatu ke tsirowa. A 1962 aka kafa kamfanin SONUCI don yanka filaye da gina gidaje, aikinsa kuma kusan duka a babban birni da manyan garuruwa ya tsaya. Gyaran mulki na 1964 ya raba ƙasa jihohi bakwai, Tanut ta zama gunduma a ƙarƙashin Damagaram, da suparfe a kanta. Gundumar tana da kasafinta, sai dai wanda ke riƙe da jakar naɗo shi aka yi daga Yamai, kuma can yake kai rahoto. Gunduma ce mai faɗin gaske, daga gonakin Olelewa a kudu har makiyayar Tenhiya a arewa, ga rijiyoyi masu zurfin da sai an sa dabba ta ja guga.

Sai fari ya zo, na 1973 da 1974, sannan na 1984 da 1985 wanda dattawanmu ba sa son tunawa. Makiyayan da dabbobinsu suka ƙare suka taru a gefen Tanut da sauran garuruwan da ake rabon hatsi. Wasu sun koma daji da ruwa ya dawo, wasu sun zauna. Unguwanni suka tsiro ba tare da an ja layi ba, bukka ta zama ɗakin ƙasa, ɗakin ƙasa ya zama gida. Hukuma ta zo daga baya tana bin mutane da takarda, maimakon ta riga su da shiri.

A zamanin Janar Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, an farfaɗo da samariya, aka mayar da ita hannun da gwamnati ke aiki da shi a karkara. Samari sun buga tubali sun gina azuzuwa masu yawa a faɗin ƙasa. Masu shekaru a cikinmu suna yabon wannan lokaci, kuma akwai abin yabo, domin sarkin samari yana iya tara mutum ɗari da ganga ɗaya. Amma umarni daga sama yake saukowa, kuma da mulkin ya wuce, gangar ta yi shiru. Shekarun 1990 suka zo da tsuke bakin aljihu da bashin albashi na watanni. A ƙarshen 1998 an amince da dokar manufar ƙasa kan muhalli, sai dai baitulmali ba ta da abin aiwatar da ita. A farkon shekarun 2000 har gwamnati ta biya ma'aikata wani ɓangare na bashin albashinsu da filaye. Tsofaffin abokan aikinmu sun karɓi takardun fili, da yawa suka sayar da araha don su ci abinci. Wanda ba shi da kuɗin gero ina zai sami na siminti?

A daidai lokacin ne aka buɗe ƙofar makaranta ga yaran karkara fiye da kowane zamani. Aka fara ɗaukar malaman sa-kai, sannan ƴan kwantiragi, da albashi kaɗan. Shirin musamman na Shugaba Tandja Mamadou, wanda aka yi da kuɗin yafe bashi, ya sa gaba a gina aji 1,000 da ɗakin shan magani 1,000 kowace shekara. Ƙauyukan da ba su taɓa ganin allo ba suka gan shi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma abin da ake ƙirgawa aji ne. Mutumin da zai tsaya gaban allon, ba a lissafa makwancinsa a ko'ina.

An ba da akuya, an riƙe igiya

Dokokin 2002 suka kafa ƙananan hukumomi 265 a Nijar, 213 na karkara da 52 na birni, aka yi zaɓensu ranar 24 ga Yulin 2004. Tsohuwar gundumar Tanut ta sami shida: Tanut, Falanko, Gangara, Olelewa, Tarka da Tenhiya. Na tuna murnar da aka yi. Mutane suka ce yanzu hukuma ta zo ƙofar gida, magajin gari ɗanmu ne, mun san gidan ubansa. Wasu daga cikin sabbin magadan garin su kansu ba su da ofis, a ɗakin aro suka fara aiki.

A 2010 aka fito da babban kundin dokar ƙananan hukumomi. Shi ya tabbatar da matakai biyu masu majalisa da kasafi, wato jiha da ƙaramar hukuma. Gunduma ta zama wurin zaman parfe kawai, wakilin gwamnatin tsakiya, wanda ke duba ko shawarwarin majalisar gari sun dace da doka. A watan Agustan 2011 aka ƙara yawan gundumomi daga 36 zuwa 63, Belbeji ta fita daga Tanut ta tsaya da kanta, da ƙaramar hukuma guda tak a cikinta, wato Tarka. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 400,000 a gundumar Tanut, da kusan 100,000 a ta Belbeji. Sabuwar gunduma ta rage wa mutane tafiya neman takarda, amma ba ta zo da asusun gini ba. Da idona na ga ma'aikatan da aka turo suna yawon neman ɗakin haya, kuɗin haya ya tashi, malamin da ke gari ya ji a jikinsa.

A watan Janairun 2016 gwamnati ta sa hannu kan dokokin miƙa wa ƙananan hukumomi da jihohi ragamar fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da kare muhalli. A takarda, ginin makarantun firamare da gyaransu ya koma wuyan ƙaramar hukuma. An kuma kafa hukumar ANFICT tun 2008 don ta riƙa isar da tallafin gwamnati ga ƙananan hukumomi, ko da yake ta ɗauki shekaru kafin ta fara aiki sosai. To, a dubi jakar ƙaramar hukumar karkara. Abin da ke shiga cikinta shi ne harajin kai, wanda bai wuce jika guda a kan mutum ba kuma a shekarar fari ba ya taruwa, sai kuɗin kasuwa da na tikitin dabbobi. In an biya ma'aikatan ofis da man mota, ɗan abin da ya rage ba ya gina aji biyu na siminti.

Ga yadda abin ya kasance a yau. Ma'aikatar ilimi ce ke ɗaukar malami, ofishin sufeto ya tura shi ƙauye. Ginin makaranta na ƙaramar hukuma ne. Fili a ƙauye yana hannun masu gona da maigari da sarki, kuma tun dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin ƙasa a matakin gunduma da ƙaramar hukuma da ƙauye, waɗanda ke ba da shaidar mallaka. A gari kuma, in ƙaramar hukuma za ta yanka filaye sai ma'aikatar tsara birane ta amince. Babban kuɗi yana Yamai ko hannun ƙungiyoyin agaji, kowace da nata tsarin. Lokacin da majalisun gari ke aiki, sarakuna sukan zauna a cikinsu, ana jin shawararsu, amma ba su da ƙuri'a. Kowa a cikin waɗannan yana riƙe da ƙafa ɗaya ta gado, kuma kowa yana da gaskiya in ya ce sauran ukun ba a hannunsa suke ba.

Yankan filaye ma, wanda ya kamata ya zama hanyar samar da muhalli, a wurare da yawa ya koma hanyar cike giɓin kasafi. A sayar da fili a biya albashi, unguwa ta zauna ba famfo ba magudanar ruwa. Bankin gidaje da aka buɗe a Yamai a ƙarshen 2018, da gidajen da aka gina a Damagaram lokacin bikin Zinder Saboua na shekarar, duk abubuwa ne masu kyau, amma ɗan kwantiragin da ke koyarwa a rugar da ke bayan Belbeji bai san ƙofarsu ba. Matatar man SORAZ da aka buɗe a watan Nuwamban 2011 a ƙasar Olelewa take, cikin gundumar Tanut, tana iya tace ganga 20,000 a rana. Da dare ana hango fitilunta daga ƙauyukan da malamansu ke gyaran takardu da tocila.

Ba mu kaɗai ba ne. Maƙwabtanmu na Najeriya sun san unguwannin da ake kira da sunan Shagari. Tsakanin 1979 da 1983 gwamnatin tarayya ta ƙudura gina gida 2,000 a kowace jiha duk shekara, amma dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamnoni. Inda ba a jituwa, sai a ba da fili can bayan gari, ba ruwa ba hanya, gidaje da yawa suka daɗe ba kowa a ciki. Mai kuɗi daban, mai fili daban. Har a watan Yulin 2024 sai da kotun ƙolin Najeriya ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. A nan gida kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, an rushe majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024 aka naɗa kantomomi. Ko zaɓaɓɓe ne a kujerar ko naɗaɗɗe, tambayar maigari tana nan tana jiransa a bisa tebur.

Kalanda uku da ba sa gaisawa

Akwai wani abu da ban taɓa gani a cikin wata doka ba, amma duk magini a Damargu ya san shi. Gini a nan da ruwan tabki ake yinsa. Daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar sanyi ne ake buga tubali, lokacin da tabki bai ƙafe ba, an gama girbi, samari kuma ba su tafi cin rani Libiya ko Aljeriya ko Kano ba. Da zarar tabki ya bushe, ruwan rijiya na sha ne da na dabbobi, ba mai hankalin da zai zuba shi a ƙasa. Wannan ita ce kalanda ta farko. Ta biyu ita ce ta makaranta, wadda ke kawo malami a watan Oktoba. Ta uku ta kasafi ce: a tsara shi a ƙarshen shekara, a kai wa parfe ya duba, a jira haraji ya shigo, a jira tallafi daga sama, wanda sau da yawa sai shekara ta yi nisa yake isowa.

Ni kaina na ga yadda waɗannan ukun ke cin amanar juna. A shekarata ta biyu a ƙauyen nan iyayen yara suka ji kunyar ganina a ɗakin aro, suka yi gayya. A watan Disamba muka buga tubali, a Janairu bango ya kai inda za a ɗora rufi. Wani ofishi ya yi mana alkawarin kwano da ƙofa da katako. Na je sau huɗu, kowane zuwa kwana biyu a hanya, yara na zaune ba darasi. Farko aka ce ba a amince da kasafi ba, sannan aka ce kuɗin bai sauko ba, daga baya aka ce ai ɗakin malami ba ya cikin abin da aka ware wa kuɗi, sai dai aji. Ruwan farko ya sauka a ƙarshen Yuni a kan bango ba rufi. Kafin Agusta ya ƙare ginin ya zama tudun laka. Ban manta fuskar wani tsoho da ya yi kwana shida yana jigilar ruwa da jakinsa ba. Ya ce mini, "Mushe, gaba in za ku yi aikin gwamnati, ku bar mu mu huta." Asarar tubali mai sauƙi ce a kan wannan magana. Shekara guda na yi ina lallashi kafin su yarda su sake fitowa.

A karo na biyu ba mu jira kowa ba. Kafin a kwaɓa ƙasa sai da muka tara abin rufi a zauren maigari. Matan da ke adashi suka sayi ƙofa da taga, wani mai gida ya ba da azarar tsohon ɗakinsa, ni na sa rabin albashin wata. Ɗakin yana nan har yau, malamai da yawa sun kwana a cikinsa bayana. Amma ba na ba da wannan labari don in ce talaka ya ɗauke wa hukuma nauyinta. Ƙauye ɗaya ya iya, goma ba su iya ba, kuma bai kamata karatun yaro ya dogara ga sa'ar samun matan adashi masu zuciya ba.

Abin da ke kan faranti

Wanda ke biyan kuɗin wannan rashin haɗin kai yaro ne. Malamin da ba shi da ɗaki yakan kwana a gari, ya iso Litinin da rana ya tafi Alhamis. Yanzu mata sun yi yawa a cikin sabbin malamai, kuma ba uban da zai so ƴarsa ta kwana a aji ba ƙofar kirki. Sai su taru a makarantun gari, na ƙauye su zauna da malami ɗaya a kan aji uku. Ƴan matan ƙauye kuma, waɗanda iyayensu suka fi sakin jiki in malama ce ke koyarwa, su ne farkon barin makaranta. Gobarar azuzuwan zana da ta ci yara a Yamai a watan Afrilun 2021 da Maraɗi a watan Nuwamba na shekarar ta sa kowa ya yarda cewa a kawar da zana. Ambaliyar 2024, wadda ta rusa tsohon masallacin Birni a Damagaram ta kuma sa aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, ta nuna mana cewa ginin ƙasa ma yana son tushe mai ƙarfi da yaɓe a kan kari. Tunda dai za a yi ta ginin azuzuwa a shekaru masu zuwa, yanzu ne lokacin da za a sa ɗakin malami cikin lissafi.

Ga abin da nake ganin yana hannunmu. Kwamitin kula da makaranta, wanda muka saba kira COGES, ya fara da fili: a je wurin kwamitin ƙasa a rubuta iyakar makaranta har da wurin ɗakin malami, da shaidar maigari da masu gonar da ke maƙwabtaka, tun kafin magada su taso. Sannan a kai buƙatar a rubuce ga ƙaramar hukuma kafin a tsara kasafin shekara, a nemi a sa ta cikin shirin raya ƙaramar hukumar, domin abin da ba ya cikin wannan kundi ba mai ba shi kuɗi. A yi yarjejeniya a rubuce kan rabon aiki: gari ya ba da tubali da hannu, hukuma ta ba da abin rufi da ƙofa da simintin tushe, kuma kayan hukuma su sauka a ƙauye kafin a kwaɓa ƙasa. A rubuta a littafin kwamiti cewa ɗakin na makaranta ne, wanda ya tashi ya bar makulli. Ofisoshin sufeto kuma su riƙa sanar da ƙananan hukumomi tun kafin damina ƙauyukan da za a tura sabbin malamai.

Batun rufi ma akwai mafita da aka gwada a ƙasar nan. Tun 1980 aka fara koyar da gini ba itace a Cikal ta ƙasar Filinge, inda ake rufe ɗaki da tubali kaɗai a yi masa baka ko ƙubba, dabarar da aka aro daga mutanen Nuba na bakin kogin Nilu. Daga baya ta bazu har Abzin. A ƙasa irin tamu da azara ta yi wuya, kwano kuma ga tsada ga zafi, ƙaramar hukumar da ta horar da magina biyar a wannan sana'a ta yi wa makarantunta da talakawanta babban aiki.

Maigarin da ya yi mini tambayar nan ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ɗansa ne a zauren yanzu, kuma a watan Oktoba mai zuwa wata motar kasuwa za ta sauke wani yaro ko wata yarinya da katifa a naɗe. Iyaye, in kun ji za a zauna kan kasafi a ƙaramar hukumarku, ku tura wakili da takarda a hannu. Malamai, mu da muka iya rubutu, mu rubuta musu ita. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa tabki ya jira mu.